Akwatin banda mai rumbu da mai kwando: yadda ake aiki da su, da abin da ke sa mai su murna ko cizon yatsa

Ƙirjin sa guda, irin wanda mahautan Teksas ke sayarwa da kitsensa, yakan kai kilo biyar zuwa bakwai. Idan za a yi masa gashin da Amurkawa ke kira babakiyu, da wuya ya nuna a ƙasa da awa goma sha biyu, wani ma sai ya cinye awa goma sha shida. Wannan gashi ba irin na tsire ba ne, inda nama ke zagaye da tukuba yana kallon wuta ido da ido. Ba kuma irin bandar kifin Baga ba ce, wadda ake yi don kifi ya bushe ya jure tafiya. A nan rufe naman ake yi cikin akwatin ƙarfe, a bar shi a zafi mai sauƙi, tsakanin digiri 107 da 135 a ma'aunin Salshiyas, wato 225 zuwa 275 a Faranhait ɗin da Amurkawa ke lissafi da shi. Hayaƙin itace yana bi ta kansa sannu a hankali, har jijiyoyin da ke sa ƙirji tauri su narke, naman ya yi laushin da yatsa ma zai raba shi.

To, wa zai kwana gadin wutar? Tsohon murhun Teksas doguwar ganga ce a kwance, da ɗan ɗakin wuta a gefenta, kuma itace take ci zalla. Da irinta Aaron Franklin ya yi suna a birnin Ostin, inda ya fara sayar da nama a 2009. Amma duk bayan rabin awa ko minti arba'in sai an jefa mata faskare, dare da rana. Masu shiga gasar gashi su suka fi kowa jin wannan wahala. A ƙarƙashin dokokin ƙungiyar babakiyu ta Kansas Siti, wadda aka kafa a 1986, ba a yarda zafin dahuwa ya fito daga gas ko lantarki ba, dole itace ko gawayi, kuma da ƙarfe goma sha biyun rana ake fara miƙa wa alƙalai nama. Wanda bai runtsa ba duk dare, hannunsa rawa yake yi lokacin yanka. Wannan buƙata ta samun barci ce ta sa akwatuna biyun da za mu yi magana a kansu suka karɓu, da farko a filayen gasa, daga baya a tsakar gidajen mutane.

Gininsu

Daga nesa ba ka bambanta su. Dukansu tsaye suke kamar firji, da ƙofa mai marfi da sakata mai matsewa, da jerin ragar ƙarfe hawa-hawa inda ake shimfiɗa nama. Bangonsu biyu ne, na ciki da na waje, an cusa ulun dutse mai kaurin inci ɗaya ko biyu a tsakani, don zafi kada ya fita, sanyi kada ya shiga. Kular abinci ce dai ta ƙarfe, da wuta a cikinta. Saboda haka ne ake iya gashi da su cikin dusar ƙanƙarar arewacin Amurka ba tare da gawayi ya ƙare da wuri ba. Inda suka raba hanya shi ne wurin zaman gawayin.

A na farko, wanda zan kira mai kwando, wutar tana ƙasa sosai, cikin wani faffaɗan kwandon ƙarfe da ake jawowa kamar aljihun tebur. Sama da shi akwai tasar ruwa, sannan nama. Kamfanin Backwoods na jihar Luwiziyana ya yi fice da wata dabara: zafi da hayaƙi ba sa hawa kai tsaye, sai su bi ta cikin bango su fito ta saman akwatin, su gangaro ta kan naman, sannan su fita ta wata kafa a ƙasa wadda ke kaiwa ga bututu. Humphrey's na jihar Men ma yana bin wannan tsari. Lone Star Grillz da Pitmaker kuwa, dukansu a Teksas, sun shahara da manya masu nauyi.

Na biyu shi ne mai rumbu. A gefen akwatin an tsayar da wani dogon rumbu na ƙarfe, a cika shi da gawayi ta sama, a rufe ruf. Gindin rumbun raga ce, kuma a nan kaɗai wuta ke ci. Wanda ya cinye ya zama toka ya zube ƙasa, na samansa ya zuraro da nauyinsa ya maye gurbinsa, kamar yadda hatsi ke sauka idan ana ɗiba daga ƙasan rumbu. Zafin sai ya bi ta wata kafa ya shiga ɗakin nama. Jihar Jojiya ce gidan wannan samfuri, kuma sunan Stump's Smokers, kamfanin da Walter McDowell ya kafa, shi ne aka fi haɗawa da yaɗuwarsa.

Mutum zai tambaya, me ya hana dukan gawayin da ke cikin rumbun kamawa gaba ɗaya? Rashin iska. Murfin sama a toshe yake, iska ba ta da hanyar hawa, saboda haka gawayin sama yana zaune ne da zafi amma ba ya ci. Wanda ya gane wannan ya gane akwatunan biyu baki ɗaya. Yawan gawayi ba shi ke tsayar da zafi ba, shi dai yana ƙayyade tsawon lokacin da wutar za ta yi. Iskar da ka bari ta shiga ita ce ke cewa ga digirin da za a tsaya. Galibi ƙofar iskar bawul ne irin na famfon ruwa, mai hannu guda, kuma ɗan taɓa shi kaɗan yana iya canza zafi da digiri goma.

Kunna mai kwando

Sabon akwati, ko wane iri ne, ba a fara masa da nama. A shafe cikinsa da man girki, a kunna shi ya yi awa uku ko huɗu babu komai, warin masana'anta ya ƙone, ƙarfen ya yi baƙin da zai kare shi daga tsatsa. A wannan zama na farko ne ya kamata ka koyi halin bawul ɗinka. Ka kuma jera yankakken burodi a kan kowace raga na ɗan lokaci: inda ya fi yin ja, nan ne wurin da ya fi zafi, kuma nan za ka riƙa juya wa ɓangaren nama mai kauri.

Ranar gashi, a cika kwandon da gawayin da ba a kunna ba. A binne guntayen itace huɗu zuwa shida, kowanne kamar dunƙulen hannu, a warwatse cikinsa. Sai a kunna 'yan ƙwayoyin gawayi kamar goma a waje, su zama garwashi, a zuba su a kusurwa ɗaya. Wutar za ta riƙa tafiya daga nan tana cin na kusa da ita. Amurkawa na danganta wannan dabara da wani ɗan gasa mai suna Jim Minion, har sun sa mata sunansa. Masu kwando da yawa suna ƙara wasu faranti na ƙarfe da ke raba kwandon ya zama lungu-lungu, wutar ta bi hanya kamar maciji. Da haka cikin kwando ɗaya yakan wuce awa goma sha biyu. Abin lura shi ne kada a tula gawayi ya haura farantan, in ba haka ba wuta ta tsallake katanga, kwandon ya kama ta ko'ina.

Ga inda sababbin hannu ke faɗuwa. Akwatin da ba ya barin zafi ya fita yana da jinkirin ɗumama, yakan ɗauki minti arba'in da biyar zuwa awa guda ko fiye. Mutum sai ya ƙosa, ya wangale bawul, ya shiga ɗaki. Kafin ya dawo allurar ma'aunin zafi ta kai 170. To saukar da ita fa? Bangon nan da ya hana sanyi shiga shi ne zai hana zafin fita, sai ka yi awa guda kana jira nama na ajiye. Saboda haka tun zafi yana hawa ake tare shi. Idan 120 kake nema, da ya kai 95 ko 100 ka fara rage bawul, ka bar shi ya ƙarasa da kansa. Bututun hayaƙi kuwa a bar shi a buɗe, ko kusan haka. Wanda ya toshe bututu don ya rage zafi ya tara tsohon hayaƙi a kan namansa, kuma zai ji ɗacinsa a harshe.

Tasar ruwa ita ce abin da masu wannan akwati suka fi yin gardama a kai. Ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka yana shanye zafin da ya yi yawa, ya zama kamar linzami. Yana kuma cika akwatin da tururi, nama ba ya saurin bushewa. Amma yana cin gawayi, yana buƙatar ƙari cikin dare, kuma idan ya ƙafe ba ka sani ba zafi zai yi tsalle. Ruwan zafi ake zubawa, ba na sanyi ba. Don kaza kuwa, ni dai shawarata a bar tasar babu ruwa, a lulluɓe ta da takardar alminiyam don tarar kitse, a ɗaga zafi zuwa 160 ko 175. Fatar kazar da aka gasa cikin tururi a ƙaramin zafi kamar roba take fitowa, ko kare sai ya yi tunani kafin ya tauna.

Kunna mai rumbu

A fara da share tokar jiya da kakkaɓe ragar gindin rumbu, don ita ce hancin da wutar ke numfashi da shi. Sai a zuba garwashi kaɗan a kan ragar a bi shi da gawayi har sama, ko a cika rumbun a kunna ta ƙasa da abin hura wuta. A rufe murfin sama a matse sakatarsa, a rufe ƙofar toka, a buɗe bawul. Itacen ƙamshi a tasar toka ake sa shi, ƙarƙashin raga. Garwashin da ke zubowa shi zai kama shi, hayaƙinsa kuma ya ratsa ta cikin jan garwashi kafin ya isa ga nama, abin da ke ƙone masa kaifi. Ana jefa guntu ɗaya ko biyu duk bayan awa guda a farkon gashi. Wannan babbar fa'ida ce: kana ƙara itace, kana ƙara gawayi, ba ka taɓa ƙofar nama ba.

Abubuwa uku ne ke ɓata wa mai rumbu dare, kuma ya kamata a san su kafin a biya kuɗi.

Na farko cijewar gawayi. Gawayin itace na asali ba shi da siffa ɗaya, wani dogo, wani faffaɗa. Manyan guntaye biyu sukan gicciye a tsakiyar rumbu su riƙe na sama, na ƙasa ya cinye, wuta ta mutu alhali rumbu a cike yake. Ka tashi da asuba ka tarar allura ta sauka, nama ya kwana cikin sanyi. Shi ya sa yawancin masu rumbu suka fi son curarren gawayi, ƙananan dunƙule masu girma ɗaya irin na Kingsford, wanda asalinsa daga ragowar katakon masana'antar motocin Henry Ford ne a shekarun 1920. Shi kuma tokarsa ta fi yawa. Mai amfani da gawayin asali sai ya farfasa manyan, ya tankaɗe garin, ya kuma ajiye sandar ƙarfe don zungura.

Na biyu ya fi haɗari. Gawayin da ke zaune cikin zafi babu iska yana tara iskar gas mai kamawa a saman rumbu. Idan ka ɗaga murfi farat ɗaya, iska ta faɗa ciki, harshen wuta yakan yi tsalle ya fito, gira da gemu su tafi. Ƙa'ida ita ce a rufe bawul ko a kashe fankar hura iska idan an ɗaura ta, a ɗan jira, a ɗaga murfin kaɗan ya yi gyatsa, fuska a kawar gefe, sannan a buɗe. Kuma kada a taɓa barin murfin sama da ƙofar toka a buɗe lokaci ɗaya, don rumbun zai koma bututu, iska ta zuƙo daga ƙasa, dukan gawayin ya kama.

Na uku yoyon murfi. Igiyar da ke toshe bakin murfin tana tsufa. Da zarar ta fara barin iska wucewa, wuta za ta riƙa hawa rumbu, gawayi ya riƙa ƙarewa da wuri, zafi ya ƙi sauka ko ka rufe bawul. Gwajinta mai sauƙi ne: lokacin da akwatin yake a sanyaye, ka sa takarda a bakin murfin ka rufe, ka ja. Idan ta zare ba gardama, igiyar ta gaji ko sakatar na son ɗauri.

Naman kansa

Da zarar zafi ya zauna kuma hayaƙin bututu ya koma siriri mai ɗan shuɗi, ba fari mai kauri ba, sai a sa nama. Mutanen tsakiyar Teksas gishiri da baƙin masoro kawai suke barbaɗa wa ƙirji, bayan sun rage kitsen ya koma kamar kaurin fensir. Yawancin gashin Karolaina da Memfis na alade ne, amma na Teksas na sa ne, garin Owensboro na jihar Kentaki kuma da naman tunkiya aka san shi, don haka kafaɗar rago ba baƙuwa ba ce a wannan sana'a.

Ka soka ma'aunin zafi a tsakiyar tsoka. Zai yi ta hawa lafiya lau har wajen digiri 65 zuwa 75, sai ya tsaya cak, wani lokaci awa uku ko huɗu. Akwatin bai lalace ba. Ruwan da ke fitowa daga naman ne yake bushewa yana sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa da zufarta. Mai haƙuri ya jira. Mai sauri ya naɗe naman da takardar alminiyam ko takardar mahauta, zufar ta daina tashi, zafi ya ci gaba da hawa. A cikin akwatin da tururi ya cika, wannan tsayuwa ba ta kai tsawon ta gangar Teksas, amma akwai abin da ake biya: baƙin ɓawon nan mai yaji da ake so a bayan ƙirji yakan fito da laushi. Masu kwando da yawa suna barin ruwa ya ƙare a rabin gashi da gangan, ko su jinkirta naɗi har sai ɓawon ya kama yadda farce ba ya kankare shi.

Ƙirji yakan nuna a wajen digiri 95, amma ma'auni shaida ne kawai. Hukunci na tsinke ne: idan ya shige kamar cikin man shanu, an gama. Kaza kuwa dole cikinta ya kai 74. Bayan saukewa, kada a yanka ƙirji nan take. Yana son hutun awa biyu ko fiye a naɗe, muddin bai sauka ƙasa da digiri 60 ba. A nan akwatunan biyu suna da wata baiwa da ba a cika faɗa ba: ka kashe wuta, ka bar zafin ya sauka, akwatin da kansa ya zama ma'ajiyar da za ta riƙe nama da ɗumi har baƙi su iso.

Wani abu kuma, jan zoben nan da ake gani ƙarƙashin ɓawo, wanda masu ɗaukar hoto ke ji da shi. Iskar da wuta ke fitarwa ce ke haɗuwa da sinadarin da ke ba tsoka launi. Ba ya ƙara ɗanɗano, har ma an umarci alƙalan Kansas Siti da kada su ba da maki a kansa. Kada wani ya raina akwatinsa don zoben bai yi faɗi ba.

Wa ke murna, wa ke nadama

Wanda ya saurari masu waɗannan akwatuna zai ga yawancinsu sun gamsu, kuma dalilinsu ɗaya ne: suna barci. Nama da yawa a ƙaramin fili, gawayi kaɗan, zafi tsaye kamar an ɗaure shi. Idan aka haɗa da ƙaramar fanka mai kwamfuta irin ta BBQ Guru ko FireBoard, wadda ake ɗaurawa a bakin bawul tana hura iska gwargwadon abin da ma'auni ya gaya mata, sai mutum ya riƙa duba zafi a wayarsa daga kan gado.

Masu nadama kashi biyu ne. Kashi na farko su ne waɗanda suka saba da ɗanɗanon gangar itace suka zaci za su same shi a nan. Ba za su samu ba. A ganga itace yana ci da harshen wuta, iska mai yawa tana ratsawa. A akwati gawayi ne ke ba da zafi, itace yana turara ne kawai cikin ƙarancin iska. Ƙamshin da ke fitowa yana da daɗi, amma daban yake. Mai rumbu yakan ba da hayaƙi mai sauƙi, wasu na cewa ya yi sauƙi da yawa. Mai kwando yakan fi shi ƙarfi, kuma idan aka cika masa itace sai ya yi ɗaci. Akwai ma wanda ke sayar da nasa saboda ya gane cewa shi wasa da wutar ne yake so, akwatin kuma ya raba shi da abin wasansa.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka sayi girman da ya fi ƙarfinsu. Manyan akwatunan nan suna kai kilo ɗari biyu zuwa ɗari uku, kuɗinsu dubban daloli ne, kuma da yawa sai an yi oda an jira watanni. Mai iyali biyar da ya sayi wanda ke ɗaukar ƙirji goma zai riƙa ɗumama fanko don kaza biyu, daga nan ya fara jin ƙyuyar kunnawa, daga nan akwatin ya zama wurin ajiye tarkace.

Akwai kuma wani rukuni na masu rumbu da ya kamata a ware. Daga wajen 2020 Masterbuilt ya fito da samfurin gida masu lamba 560 da 800 da 1050, Char-Griller ma ya biyo da nasa, a kan ɗaruruwan daloli maimakon dubbai. Fanka da kwamfuta a jikinsu suke, ka murɗa lamba kawai, cikin minti goma sha biyar zafi ya zauna, kuma suna iya kaiwa digiri 370 don gasa yankan nama kai tsaye, abin da manyan akwatuna ba sa yi. Sauƙinsu ba a magana. Sai dai tsarin rumbun kawai suka ɗauka, ba su da kaurin ƙarfe da rufin manyan, suna cin gawayi fiye da su, kuma ba lantarki ba aiki. Wanda ya ji ana yabon mai rumbu ya tambaya tukuna wane iri ake nufi, don masu yabon na dala ɗari biyar da masu yabon na dala dubu huɗu ba abu ɗaya suke yabo ba.

Idan aka tsare ni sai na zaɓa, ga mai gida da ke gashi sau biyu a wata, mai kwando zan nuna masa. Ba shi da abin cijewa, ba shi da murfin da zai tofa wuta, yana karɓar kowane irin gawayi, tasar ruwa kuma tana rufa wa mai koyo asiri. Lahaninsa shi ne ƙara gawayi a tsakiyar gashi yana da wahala, wanke tasar da ruwa da kitse suka kwana a ciki kuma aiki ne da ba wanda ke so. Amma mai dafa wa taro, wanda zai sauke wannan ya ɗora wancan kwana biyu a jere, mai rumbu ne nasa, don wutarsa ba ta da iyaka muddin akwai mai zuba gawayi.

Wanda ke nesa da Amurka kuma yake tunanin kai wa mai walda zane, mai kwando ya fi sauƙin ƙerawa, don rumbu yana son ɗinkin da ba ya yoyon iska ko kaɗan da ƙarfe mai kauri a inda wuta ke ci. Gawayinmu na kasuwa ma irin mai cijewa ne. Kada a sa kwanon rufi ko wani ƙarfe mai rufin zinki a inda wuta za ta taɓa, hayaƙinsa yana sa ciwo. Kada kuma a cusa soson tsohon firji a bango, ba ya jure zafi. Itatuwan da Amurkawa ke so su ne ok da hikori da pikan da na tufa, sai meskit mai ƙarfin ƙamshi, wanda dangin ƙiryar nan ce da maƙeranmu ke yin gawayi da ita. A tsibirin Hawayi har da itacen gwaiba suke yi. Ko wanne ne dai ya zama busasshe, kuma ban da katako mai fenti ko mai magani.

Bayan an gama

A rufe bawul da bututu, wutar za ta mutu don rashin iska, gawayin da ya rage a yi amfani da shi wani karon. Kada a tura akwati cikin ɗaki ko gareji yana da sauran wuta. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Washegari a kwashe toka, don tokar da ta sha danshi tana cin ƙarfe. A zubar da ruwan tasa, a kankare kitsen da ya daskare a ƙasa, musamman kusa da kafar da zafi ke shigowa a mai rumbu, domin a nan gobarar kitse ke tashi. Idan ta tashi, kada a buɗe ƙofa kuma kada a watsa ruwa, a toshe duk hanyar iska a jira.

Akwatin da ke riƙe zafi yana riƙe danshi ma. Wanda ya kulle shi ruf bayan gashi da ruwa, ya dawo bayan mako uku, zai tarar da furfurar fumfuna a kan raga. Idan toka ta huce sarai, a buɗe bututu, a bar ƙofa a ɗan sake don iska ta zaga. In kuwa fumfunar ta riga ta kama, a kunna shi babu nama ya kai digiri 175 na awa biyu, a goge ragar da burushin ƙarfe, a sake shafa mai.